Duk Sanda Aka Kawo Wuta Sai In Yi Kewarsa

Jama'a ku gyara zama. Yau na yarda ku yi mini dariya son ranku, amma duk wadda ta zo ƙasan rubutun nan ta ce "ai da ma na faɗa", wallahi ni da ita ne.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce Auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na rage a gaban Mama. Yayyena duk sun yi aure sun bar mini wanke-wanke da faɗa. Kada ku ɗauka masu so ne ba ni da su. Suna zuwa, har da masu mota. Zaman ne ba sa yi, kuma duk wanda zai tafi magana ɗaya yake bar wa Mama: "Ba ta amsa saƙo."

To, ba ƙarya suka yi mini ba. Ina ganin saƙo zan ce bari in wanke hannu in amsa, sai in tuna da shi bayan mai shi ya yi fushi ya huce ya sami wata. Amma ku ma ku duba mini. A gidan rainon jarirai nake aiki. Ɗaki ne dogo mai shuɗin labule, ƙananan gadaje jere da bango, ko'ina ƙamshin hoda da madara. Kafin ki samu su yi barci gaba ɗaya kin yi jijjiga har ƙugunki ya ƙage. Akwai wani ɗan lukuti da muke ce wa Sarkin Kuka, shi ko cokali ne ya faɗi a maƙwabta sai ya farka, in kuwa ya farka sai ya tabbatar kowa ya tashi. Mai irin wannan aikin, ina ita ina "ya kike, ya gida, me kika ci"?

Ana nan sai ga Mai Ƙanƙara. Babban shagonsa yana can kasuwa a ɗaya gefen gari, amma ya kama wani ɗan shago a bakin layinmu ya jera firizoji a ciki, ya sa janareto a baya, ya rufe da kwaɗo. Wata rana da aka daɗe babu wuta Mama ta fita sayen ƙanƙara, ya ɗauko mata har cikin kicin, ya ƙi karɓar ko sisi na dako. Mama dai ta fita sayen ƙanƙara ta dawo da suruki.

Dogo ne, shiru-shiru, kafaɗar rigarsa kullum a jiƙe, tafin hannunsa ja saboda sanyi. Ban ƙi shi ba, ban kuma so shi ba a lokacin. Ranar da ya karɓi lambata Mama ta biyo ni har ɗaki ta rufe ƙofa.

"Auta, kalle ni nan."

"Ina kallonki, Mama."

"Wannan in ya tafi saboda saƙo, na cire hannuna. Goggonki zan miƙa wa ke."

Goggo ƙanwar Baba ce, kuma tana da wani ɗan ƙawarta da ta daɗe tana yi mini tallarsa. Bawan Allah ya taɓa turo mini saƙon murya, na kunna, na wanke kwanuka, na share tsakar gida, na dawo na tarar bai gama gaisuwa ba.

Sai na zauna na yi wa kaina dabara. Akwai wata manhaja a wayata tun ranar da na saye ta, ban taɓa buɗe ta ba. Aikinta shi ne ki ce wa wayar, in kaza ya faru ki yi kaza, ita kuma ta riƙa yi ba sai kin taɓa ta ba. Na fara da ƙanana. Na ce in na isa wurin aiki ta rage haske. Na ce in na iso gida ta tura wa Mama "na iso lafiya", har sai da Mama ta gaji ta ce, "Ke, ga ki a gabana kina cire takalmi, na ce miki makauniya ce ni?" Na goge wannan.

Daga nan na zo kan babban aikin. Na rubuta 'yan jimloli masu daɗi, irin su "Ka faɗo mini a rai yanzun nan", da "Ko ka ci abinci?", da "Ina nan zaune ni kaɗai, gidan shiru", da "Mama tana gaishe ka". Na ce wa wayar duk sanda ta ji caji ya shiga jikinta, ta zaɓi ɗaya ta aika wa Mai Ƙanƙara. Lissafina shi ne sau ɗaya nake sa caji a rana. Saƙo ɗaya kullum, ba fashi. Na kalli kaina a madubi na ce, Auta, Allah ya yi miki kai.

Sai dai wayar nan tana da surutu. Duk sanda ta aika sai ta yi ƙara ta hasko sanarwa, wai ita ta yi aiki a yaba mata. Wata rana na manta ban yi caji a gida ba, na laɓaɓa na jona ta a bayan firijin madara, daidai lokacin da jarirai suka yi barci. Ting! Sarkin Kuka ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu, ya ja numfashi. Kafin ki ce me, ɗakin ya kaure. Madam mai gidan rainon ta shigo da gudu, ta zare wayar, ta gyara tabarau ta karanta a gaban kowa: "An aika wa Mai Ƙanƙara: Ko ka ci abinci?"

Ta dube ni ta ce, "Shi dai ban sani ba, amma waɗannan sun ci, sun yi barci, kin tashe su."

Tun daga ranar aka hana mu zuwa da waya. Ni kuma na dawo gida da haushi, na shiga cikin saitin nan na bi shi lungu-lungu, sai da na kashe duk wata sanarwa ta manhajar. Ba ƙara, ba haske, ba girgiza. Ta yi aikinta ta yi shiru kamar 'yar kirki. Da safe in zan fita sai in jona ta a soket ɗin falo da ke bayan kujerar Baba, don shi kaɗai ne yake riƙe cajata ba ta zamewa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wutar unguwarmu. A ɗauke, a kawo, a ɗauke, a kawo. Ita kuwa waya ba ta san wannan ba. A wurinta duk sanda aka kawo wuta, sabon caji ne, sai ta aika.

Wata rana da yamma na buɗe wayar na ga saƙonni sun jeru tun hantsi har la'asar. Na ce innalillahi, wannan ai sai ya ɗauka ba ni da aikin yi. Har na ɗaga yatsa zan gyara, sai ga Mama ta leƙo da fara'a har kunne.

"Auta, me kike yi wa yaron nan ne? Yau ya wuce ta nan ya fi a ƙirga. Duk zuwa sai ya tsaya ya gaishe ni. Duba bokitin can, ƙanƙara ce ya kawo."

Na nuna mata shafin hirarmu. Mama ba ta duba lokaci, tsawon shafi take dubawa. Ta ga abu ya yi tsawo, ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Rabon da Mama ta shafa kaina tun ina firamare.

Ranar hutu na sa ido da kaina. Saƙo na fita, ba a jimawa sai in ji ƙarar babur ɗinsa ya shigo layi. Ya shiga shagonsa, ya fito, ya biyo ta ƙofarmu. Kai, jama'a, kaina ya kumbura! Na ce ashe haka nake da tasiri, kalma ɗaya tawa ta taso namiji daga wancan gefen gari? Na bar saitin yadda yake.

A haka muka fara zama a kan bencin ƙofar gida. Ashe shirun nan nasa akwai abin dariya a ƙarƙashinsa. Zai zauna ya ce, "Yaya mai girma Sarkin Kuka, ya ba ku hutu yau?" da fuska a ɗaure kamar yana tambayar lafiyar wani babba. Ranar da ruwan zafi ya zubo mini a hannu wurin wanke kwalaben madara, bai ce sannu sau goma irin na mutane ba. Tashi ya yi ya tafi, ya dawo da ƙanƙara a naɗe cikin wani koren tawul, ya ajiye a gefena ya ce, "Ɗora. Kada ki cire sai kin ji kamar hannun ba naki ba ne." Na ɗora. Ina kallon ƙasa, zuciyata na wani irin bugu da ban ba ta izini ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na kamu. Kuma tun da na kamu sai abin wayar nan ya fara ci mini rai. Duk sanda ya ce, "Na ga saƙonki," sai in ji kamar na saci abu a aljihunsa.

Wata Lahadi aka wayi gari babu wuta, zafi kamar a cire fata. Ina ninke kaya a ɗaki sai na ci karo da koren tawul ɗin nan, na wanke ban mayar ba. Na zauna a bakin gado riƙe da shi. Na ɗauko waya, batirinta ya yi ja. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na ga ya yi kama da na 'yan fim, na goge. Daga ƙarshe abin da ya fito daga yatsana shi ne dai wancan tsohon: "Ka faɗo mini a rai yanzun nan." Don wallahi shi ne gaskiyar. Na tura.

Ba a jima ba na ji babur. Na leƙa ta labule. Ya shiga shago da sauri, na ji janareto ya mutu. Shiru. Sai ga shi ya fito yana kallon wayoyin wuta a sama yana sosa ƙeya. Ya ciro wayarsa ya duba, ya sake kallon sama, ya kalli gidanmu. Sai ya zauna a kan babur yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ya daɗe a haka. Ya koma ya tayar da janareto, ya hau babur ya tafi, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Na ji haushi ba kaɗan ba. Na ce wato ranar da na rubuta da hannuna ita ce ranar da ba za a kula ni ba?

Kwana kaɗan bayan nan ya ce mini zai kawo Yayarsa ta ga su Baba. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, kuma ya gaya mini a fili, abin da ta ce shi zai yi.

Ranar Asabar gidanmu ya koma kamar za a yi baƙon ƙasa. Mama ta canza labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ko kallonsu ba a bari mu yi. Goggo ta iso tun da safe ba tare da an gayyace ta ba, da jakarta da turarenta mai hawa kai, ta ce ta zo ta ga "wanda aka fifita a kan ɗan mutane". Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin fulawa a hannu, na canza mayafi har sau ban san adadi ba, na ƙare a kan fari. Wuta kuwa babu tun asuba. Waya tana inda take kullum, a jone a bayan kujerar Baba. Ko kusa ban tuna da ita ba.

Suka iso bayan azahar. Yayar tasa mace ce cikakkiya, mai tabarau, irin waɗanda in sun kalle ki sai ki duba ko rigarki a birkice take. Shi kuwa ya sa farar riga, yau kafaɗar a bushe, ya zauna a bakin kujera ya ajiye wayarsa da makullin babur a kan teburin tsakiya. Kowa na fifita da abin da ya samu. Baba da jarida, Goggo da murfin akwatin biskit.

Na shigo da tiren lemo riƙe da hannu biyu. Ina jin Yaya tana cewa, "Ni abin da ya burge ni da yarinyar nan kulawa. Ya ce mini ba a wuni bai ji daga gare ta ba. Yaran yanzu wa ke da wannan?"

Mama ta gyara zama ta ce, "Ai haka take tun tana ƙarama."

Goggo ta yi tari.

Daidai nan aka kawo wuta. Ƙwan falo ya haska, fanka ta fara juyawa, Baba ya ce alhamdulillahi. Sai wata murya ta tashi daga kan teburi, muryar mace mai mura, tana jan kowace kalma:

"Saƙo daga Auta. Ka faɗo mini a rai yanzun nan."

Ashe shi ma ya yi wa tasa wayar saiti. Hannunsa kullum a jiƙe yake, don haka ya sa ta riƙa karanta masa saƙona da ƙarfi, nawa kaɗai.

Kowa ya kalli wayar, sannan kowa ya kalle ni. Ni kuwa ga ni tsaye, hannu biyu a kan tire. Shi kuma, kafin muryar ta rufe baki, har ya miƙe ya cafki makullin babur. Sai ya tuna inda yake, ya koma ya zauna a hankali.

Goggo ta ce, "Da me ta rubuta? Da ƙafa?"

Wuta ta ɗauke. Fanka ta fara rage gudu. Na ce Allah na gode maka, ka bar ta a haka har gobe. Ko rufe addu'ar ban yi ba ta dawo.

"Saƙo daga Auta. Ina nan zaune ni kaɗai, gidan shiru."

Baba ya sauke jarida ya dubi falon da ke cike da mutane. "Ke kaɗai? To mu nan kujeru ne?"

Goggo ta jawo mayafinta ta fara karanto addu'o'in tsari tana tofawa hagu da dama. "Na faɗa! Na faɗa yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce! Yarinya ta wuni cikin jarirai tana magana da waɗanda ba sa amsawa!"

Baba ya ninke jaridarsa ya ajiye. Ya kalli fanka, ya kalli wayar baƙo, ya leƙa bayan kujerarsa. Ku da ba ku san Baba ba, mutum ne da in ya ga abin mamaki sai ya ga ƙarshensa, ko da gidan zai kama da wuta. Ya miƙa hannu ya kashe makunnin soket. Ya jira. Ya kunna.

"Saƙo daga Auta. Ko ka ci abinci?"

"Ikon Allah," in ji Baba. Ya kashe, ya kunna.

"Saƙo daga Auta. Mama tana gaishe ka."

Mama ta dafe ƙirji. "Ni? Yaushe?"

"Baba don Allah," na ce. Amma ina, Baba ya sami abin wasa. Kallon da Mama ta yi mini kuwa, da kallo na yanka da yanzu ana zaman makokina.

Mai Ƙanƙara ya miƙe, ya ɗauki wayarsa, ya sunkuyar da kai. "Baba, a yi mini afuwa. Janareto na can yana shan mai." Ya fita.

Yaya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Yarinya, tambaya ɗaya zan yi miki. Wa ke son ƙanena, ke ko soket?"

Na dire tiren a kan teburi, na zura silifas ɗin Mama da suka fi ƙafata girma, na fice.

Na same shi a shagon ya kashe janareto, firizojin na ta gurnani da wutar gari. Wurin sanyi, ƙasan a jiƙe. Yana tsaye yana goge hannu da tsumma. Na tsaya a bakin ƙofa, hawaye na zubo mini, hodar da na ɓata lokaci ina shafawa tana bin su.

"Ka yi haƙuri," na ce. "Ba ni nake turawa ba. Caja ce."

"Na sani."

"Ka sani yanzu dai."

"Tun makon farko na sani."

Hawayen suka tsaya cak. "Kamar yaya?"

"Na zo gaishe da Mama kina wurin aiki. Ina tsaye a ƙofar falo aka kawo wuta, na ga wayarki ta kama caji a bayan kujera, saƙo ya shigo aljihuna. Na gwada washegari, haka. Na sake gwadawa, haka." Ya ɗan sosa ƙeya. "Kin san da sai in wuni ina ƙona mai alhali akwai wuta, don ba ni da mai gaya mini. Tun da kika fara kewata kuwa, ban ƙara asara ba."

Jama'a, kun san kunya tana iya juyewa ta koma masifa cikin ƙiftawar ido? Na riƙe ƙugu.

"Au! Wato duk gudun nan da kake yi a kan babur ba don ni ba ne? Ni ina can ina jin kaina, ashe ƙararrawar wuta ka mayar da ni?"

"Ke da kika haɗa ni soyayya da caja?"

"Ni ai uzuri gare ni!"

"Ni ma mai ya yi tsada."

Na ja tsaki, na juya zan tafi, silifas ɗin Mama ɗaya ya zame a ruwan ƙasa ya bar ni. Ina ɗingishi ina neman sa ya ce, "Auta, tsaya. Kin tuna ran Lahadin nan?"

Na tsaya, ban juyo ba.

"Saƙo ya shigo, na baro ciniki na taho da gudu. Na kashe janareto, na juya makunni, firizojin nan ko tari ba su yi ba. Na fita na duba, layin gaba ɗaya babu wuta. Na ce to, wayar da ba ta sami caji ba, wa ya aiko?" Ya ajiye tsumman. "Na kasa shigowa in gaishe ku ranar, don na san bakina ba zai rufu ba. Daga nan gidan Yaya na wuce kai tsaye."

Wayyo ni. Na juyo ina kallonsa, shi ma yana kallona, na buɗe baki zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

"Saƙo daga Auta. Mama tana gaishe ka."

Muka kalli aljihunsa tare.

"Baba ne," na ce.

"Saƙo daga Auta. Ko ka ci abinci?"

"Har yanzu bai gaji ba," in ji shi. Dariya ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, ina yi ina share majina da farin mayafina. Sai ya daina dariyar ya ce, "Amma fa Yaya ba ta san da zancen caja ba. Kuma in ta ce a'a, ban san yadda zan yi ba."

Muka koma, yana gaba ina biye. Mun tarar Yaya ta riga ta miƙe, jaka a kafaɗa, lemonta ko kurɓa ba ta yi ba. Mama na ba ta haƙuri, Goggo na zaune tana murmushin wadda kasuwarta ta buɗe, har ta ciro waya tana neman lambar ɗan ƙawarta. Baba ya zare cajar gaba ɗaya yana jujjuya ta a hannu yana duba ta, wayata kuma tana kan hannun kujera.

Mai Ƙanƙara ya fara, "Yaya, ki bari in yi miki bayani..."

"Ba kai na tambaya ba," ta ce. "Ita na tambaya, kuma ba ta amsa ba."

Duk suka zubo mini ido. Ku gaya mini, wace 'ya ce za ta buɗe baki a gaban mahaifinta ta faɗi irin wannan magana? Yaya ta gyara jakarta ta nufi ƙofa. Na ga Mai Ƙanƙara yana bin ta da ido, kafaɗunsa sun sauka. Sai na ji ba zan iya bari ya fita daga gidan nan bai ji daga gare ni ba, ko da shi kaɗai ne. Na fizgi wayata, na juya baya, na tura ta ƙarƙashin mayafi, na rubuta masa, na tura. A raina sirri ne tsakanina da shi.

Sai da na ga ya kai hannu aljihu a firgice na tuna. Ya makara.

"Saƙo daga Auta. Ni ce ba soket ba. Wallahi ina sonka. Kada ka bari ta tafi, ba na son mai saƙon murya."

Ban san inda zan sa kaina ba. Na ja mayafin na rufe fuskata gaba ɗaya, na durƙushe a bayan kujera. Ta cikin yadin ina hango Mama ta toshe baki da hannu, Goggo ta saki waya a cinya.

Baba ya ɗaga cajar sama, igiyarta na reto, don kowa ya gani.

"Wannan dai ba ni ba ne," ya ce.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli cajar, ta kalli ƙanenta da ya kasa ɗaga kai, ta kalli tulin mayafin da ke bayan kujera. Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta dawo ta zauna, ta ɗauki kofinta.

"Lemon nan ya huce," ta ce wa ƙanenta. "Tashi ka kawo mana ƙanƙara, zaman zai yi tsawo."